Babbar Kyauta ga Jami'a: Yadda Ake Nemanta da Yadda Ake Riƙe Amanarta

 



An nemi in yi magana kan wani aiki da ba a cika jin sunansa nan Nijar ba, alhali manyan jami'o'in duniya da shi suke rayuwa: neman manyan kyaututtuka wurin masu hali, da kula da su bayan sun bayar. A Amurka da Ingila sana'a ce sukutum, da biro nata da ma'aikata masu albashi. Abu guda nake so ku tashi da shi: amana ke jawo babbar kyauta, ita kuwa amana shekaru ake yi ana gina ta.

Me ya haɗa mu da wagga magana? Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta daɗe ita kaɗai ce ta gwamnati. A 2010 anka kafa ta Maraɗi, da ta Damagaram, da ta Tawa. A 2014 anka ƙara huɗu, a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Duk baitulmalin ƙasa suke kallo, shi kuwa yana da asibitoci da hanyoyi da tsaro a wuyansa. Ku da ke cikin amfi kullum kun fi kowa sanin abin da ƙarancin wurin zama da littattafai da kayan labo ke nufi.

Tun asali, manyan makarantu da yawa da kyautar mutum guda sunka tashi. Tarihi ya kawo cewa a shekara ta 859 Fatima al-Fihri ta gina masallacin Ƙarawiyyin a Fas ta Maroko da gādon da mahaifinta ya bar mata, har ya zama cibiyar karatu da ke nan har yau. A Amurka, John Harvard ya rasu a 1638, ya bar wa wata ƴar sabuwar makaranta rabin dukiyarsa da littattafai wajen 400, anka sa mata sunansa. Yau asusun ajiyar Harvard ya haura dalar Amurka miliyar 50.

Shi asusun ajiyan nan ɗan uwan wakafi ne da munka sani: ba a taɓa uwar kuɗi, ribar ake ci. Jami'o'in Amurka sukan ciro kashi 4 zuwa 5 cikin 100 kowace shekara. Mu misalta da namu kuɗi. In wani alhaji ya ba da sefa miliyan 100, anka saye rumfunan kasuwa ko gidajen haya da su, suna kawo kashi 5 cikin 100, to miliyan 5 ke nan duk shekara. In ɗalibi guda na buƙatar jika 250, ɗalibai 20 ke nan za su yi karatu, bana da baɗi da bayan rasuwar alhaji. Ita ce sadaka mai gudana. Sai dai ku lura, zakka tana da mutanenta da anka ƙayyade, don haka kafin a haɗa ta da gini ko kayan aiki a tambayi malamai.

To, yaya ma'aikacin yake aikinsa? Mataki huɗu ne.

Na farko, gano mutum. Ana duba abu uku: yana da hali? Yana da alaƙa da makarantar, ko shi ya yi ta, ko ɗansa, ko garinsu ce? Ya saba bayarwa? Mai kuɗin da ba ya da alaƙa da ku, wahalar banza za ku sha a ƙofar gidansa.

Na biyu, sabo. A kai masa ziyara, a gayyato shi ya ga makarantar da idonsa, ya zauna da malamai da ɗalibai. Nan kunne ya fi baki aiki. Wataƙila mahaifiyarsa wurin haihuwa ta rasu, ransa na kan horar da ungozoma. Wataƙila ɗan noma ne, irin gero mai jure fari ke damunsa. Matakin nan yakan ci shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, tambaya. Ba takardar roƙo ake rabawa ba. Mutumin da yake jin nauyinsa, galibi shugaban jami'a, shi ke zuwa da kansa, ya faɗi adadi, ya faɗi aikin da za a yi da shi, sannan ya yi shiru ya bar shi ya yi shawara da iyalinsa. In ya yarda, a rubuta yarjejeniya: nawa, yaushe, don me, wane suna za a sa, kuma me za a yi in buƙatar ta sauya.

Na huɗu, riƙon amana, kuma nan ne mafi yawan masu nema ke faɗuwa. Godiya cikin kwana biyu ko uku, rahoton kuɗi duk shekara, labarin ɗaliban da sunka amfana. Yaba kyauta tukuici, kuma wanda ya ga inda kuɗinsa sunka shiga shi ke dawowa da wadda ta fi.

Ga misalin abin da doguwar alaƙa ke haifarwa. A Fabrairun 2024 Ruth Gottesman, tana da shekara 93, ta ba makarantar koyon likitanci ta Albert Einstein da ke New York dalar Amurka miliyar 1, don ɗalibai su daina biyan kuɗin karatu. Tun 1968 take aiki a makarantar, ta koyar, ta shugabanci kwamitin amintattunta. Da mijinta ya rasu ya bar mata dukiya, wurin da ta sani shekara 50 da ɗoriya ta kai ta.

Ga kuma abin da ke faruwa in amana ta yi rauni. A 1961 iyalin Robertson sunka ba Jami'ar Princeton dalar Amurka miliyan 35 don horar da masu shiga aikin gwamnati a harkokin ƙasashen waje. A 2002 magadansu sunka kai ƙara, suna cewa an karkatar da manufar. Sai a 2008 anka sasanta, jami'ar ta amince ta biya kusan miliyan 90. Shekara shida a kotu kan ma'anar abin da anka rubuta.

Ita ma jami'a tana da iyakar da ba ta ƙetarewa. A 1995 Jami'ar Yale ta mayar wa Lee Bass miliyan 20 da ya ba ta, bayan ya nemi a ba shi ta cewa kan malaman da za a ɗauka. Mai bayarwa yana iya zaɓen fannin da zai tallafa, amma ɗaukar malami da ba ɗalibi maki ba nasa ba ne. Sannan a binciki tushen dukiya tun kafin a miƙa hannu. A 2009 makarantar tattalin arziki ta Landan, LSE, ta karɓi alkawarin fam miliyan 1.5 daga gidauniyar Saiful Islam Gaddafi, wanda ya yi digirin dokta a can. Da rikicin Libiya ya ɓarke, shugabanta Howard Davies ya yi murabus a Maris 2011. Sunan makaranta ya fi kowace kyauta tsada.

Kada ku ce wannan harkar Turawa ce kawai. Nan maƙwabtanmu, Aliko Dangote ya gina wa Jami'ar Bayero ta Kano makarantar koyon kasuwanci, da ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Attajiranmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa su ma suna bayarwa, dubi masallatai da rijiyoyi da abincin azumi. Masallaci suna ganin gininsa da ido, sun san limaminsa. Jami'a kuwa, wa ya taɓa zaga da su cikinta? Wa ya taɓa kai musu lissafi a rubuce?

Nan aikinku yake, ƴan uwa. Ku fara da abu uku. Ɗaya, ku tattara sunayen tsoffin ɗaliban sashenku, da inda suke aiki, da yardarsu, ku kuma tsare sirrinsu. Biyu, duk gudummawar da ƙungiya ta karɓa, ko jika 5 ce, a ba da rasit, kuɗin su shiga asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, kada su kwana aljihun kowa. Uku, bayan wata shida ku koma wurin wanda ya bayar, ba da sabon roƙo ba, ku nuna masa abin da anka yi da kuɗinsa. Ɗan kasuwan da kunka riƙe wa amanar jika 50 yau, shi ne zai saurare ku ran da kunka zo da maganar miliyan 50.

Waɗanda ke karatun lissafin kuɗi, shari'a ko sadarwa a cikinku, ga sana'a nan da jami'o'inmu za su buƙata. Tana son haƙuri, da iya zama da manya, da tsabtar hannu.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya saka wa masu bayarwa da alheri, Ya sa albarka a karatunku.