Baki Shi Ke Yanka Wuya: Jawabi Ga Jama'ar Sabo Kan Kalaman Siyasa

 

An nemi in yi magana kan haƙƙinmu na mazauna wannan gari na Ibadan. Zan ɗauki gefe guda kawai, wato yadda muke furta magana idan siyasa ta kankama, domin sau da yawa ta nan ake samun ƙofar taɓa mana haƙƙi.

Haƙƙin nan kuwa a rubuce yake. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama duk inda ya ga dama a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin da ya fito, na 43 kuma ya ba shi ikon mallakar fili da gida a ko'ina. Unguwar Sabo tun 1916 aka kafa ta, kakanninmu suna fataucin goro da shanu. Saboda haka ba aron tabarma aka ba mu ba. Sai dai ranar da wuta ta tashi, babu mai tsayawa ya buɗe kundin tsarin mulki kafin ya cinna wa shago ashana.

Dattawa a nan sun san abin da nake nufi. A watan Yuli na 1999 an yi rikicin Shagamu, bayan 'yan kwanaki aka rama a Kano. A Fabrairun 2000 an yi na Kaduna, aka rama a kan mutanenmu a Aba. A 2006 an fara a Maiduguri, aka ƙarasa a Onitsha. Kullum wanda ke nesa da gida shi ke biyan bashin da bai ci ba, Bahaushe a Kudu, Bayarabe ko Ibo a Arewa. Na Nuwamban 2002 ma daga wani rubutun ganganci ya taso, wanda jaridar ThisDay ta buga kan gasar sarauniyar kyau, aka rasa rayuka fiye da 200 a Kaduna.

Na fi son mu tsaya kan abin da ya faru a Yunin 2017, domin daga ɓangarenmu ya fito. Wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka kira 'yan jarida a Kaduna, suka ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. Daga baya sun janye a watan Agusta. To amma su da suka yi maganar gida suka koma suka kwana cikin danginsu. Mai sayar da albasa a Aba da mai canji a Owerri su ne suka yi watanni suna barci da ido ɗaya. Haka mu ma muka ji a jikinmu a Janairun 2021, lokacin da Sunday Igboho ya ba Fulanin Igangan kwana bakwai su tashi. Wata guda bai cika ba aka ƙone kasuwar Shasha, abin da ya faro daga cacar baki a bakin shago. An rasa rayuka da dukiya, har sai da wasu gwamnonin Arewa suka zo Ibadan suka zauna da Gwamna Seyi Makinde. Da ba a riga an cika zukata da munanan kalamai ba, faɗan mutum biyu da wuya ya cinye kasuwa.

Kada wani matashi ya ɗauka ina cewa a yi shiru. Idan an rushe rumfa ba bisa ƙa'ida ba, ko an hana yaronka gurbin makaranta don sunansa, a faɗa, a rubuta takarda, a je kotu in ta kama. Amma a ambaci laifin da wanda ya aikata shi. Da zarar ka ce "Yarbawa duk haka suke", ka kori maƙwabcin da zai tsaya maka shaida. Mu da ke jin zafi idan an kira mu "aboki" cikin raini, bai kamata a ji "arna" ko "Inyamuri" a bakinmu ba. Annabi Musa ma, da aka aike shi wurin Fir'auna, da tattausar magana aka umarce shi ya je. Balle kansilan mazaɓa.

Sai batun kamfen. Dokar zaɓe ta 2022, a sashe na 92, ta hana zagi da kalaman da za su taɓa addini ko ƙabila a wurin yaƙin neman zaɓe, amma kowa ya ga yadda ake take ta. Ɗan takara zai ba yaranmu kuɗin shayi su hau mota suna zagin abokin hamayyarsa. Bayan zaɓe manyan su shirya, su haɗu a wurin biki, mu kuma a bar mu da shugaban ƙaramar hukumar da ya riƙe muryar yaranmu a kunnensa, ga shi kuma wurinsa za mu je neman rumfa da gyaran kwata. A 2015 Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba, kuma da yawanmu da suka tura iyali gida saboda fargaba sun san abin da wannan kira ya tsare mana.

Don haka ina roƙon iyaye su lura da saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp ɗin yaransu, musamman masu cewa an kashe mutane a wuri kaza ba tare da an san mai maganar ba. A kawo wa shugabanni su bincika kafin a tura wa kowa. Kuma duk mai son jam'iyya ya yi ta da sunansa. Kada wani ya hau mumbari ya ce duk Hausawan Sabo na jam'iyya kaza ne, domin idan ta faɗi, har wanda bai je rumfar zaɓe ba zai sha tambaya. Idan 'yan jarida suka zo lokacin wata hatsaniya, a nuna musu fadar Sarki.