Gayya a Cikin Kwamfuta: Tsarin Zare da Aikewa da Saƙo



Manomin masara a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, yakan kasa kunne ga hasashen damina kafin ya yi shuka. Lissafin da ake yin irin wannan hasashe da shi ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya. Saboda haka akan raba shi ga injuna masu yawa, suna aiki suna aike wa juna saƙo. Ƙa'idar wannan aike ita ce MPI, wadda aka fitar a 1994.

Abin ya yi kama da gayya. Kowane inji gida ne da aka yanka wa kunyoyinsa, 'yan gidan kuwa masu riƙe da fartanya su ne ake kira zare. Tambayar ita ce: wane ne daga cikinsu ke da izinin magana da maƙwabta?

Bugu na biyu na ƙa'idar, na 1997, ya amsa da matakai huɗu. Na farko, mutum ɗaya ne tak a gidan. Na biyu, ma'aikata na da yawa, amma maigida kaɗai ke aikewa da karɓar saƙo. Na uku, kowa na iya yi, amma bi da bi. Na huɗu, kowa na iya yi a lokaci guda, sai dai tsaron ƙofa don hana cunkoso yakan rage sauri.

Mai tsara shiri yana neman matakin da yake so tun da farko ta umarnin MPI_Init_thread. To, a nan gizo ke saƙa. Abin da ya nema daban, abin da aka ba shi daban, domin ƙa'idar ta yarda a ba shi ƙasa da bukatarsa. In bai duba amsar ba, ya saki zarurruka suna magana barkatai, shirin na iya cijewa, ko kuwa, mafi muni, ya fitar da lissafin da ba daidai ba ne, ba tare da gargaɗi ba.

Darasin ke nan: a nemi mafi ƙanƙantar matakin da zai wadatar, a duba abin da aka bayar, in ya gaza a tsayar da aiki. Irin da manomi ya zuba bisa gurguwar shawara ba ya komawa buhu.