Yinin Zumunci A Kan Babur: Jawabi Ga Matasa Mahaya



Al'ada ce sananniya a garuruwan ƙasar nan abokai su haɗu ranar hutu, ko bayan Salla, su hau baburansu su tafi ziyara ko kallon wani biki. Wannan abu ne mai kyau, domin zumunci a ƙafa yake. To, amma yini mai daɗi yana da ma'auni guda ɗaya, watau yawan mutanen da suka fita da safe ya zama shi ne yawan waɗanda suka komo gida da yamma, kowa da ƙafarsa.

A ɗauki misalin abokai shida da suka yi niyyar tashi daga Sakkwato zuwa Argungu, garin da ake bikin kamun kifi tun shekarar 1934. Tafiyar kimanin kilomita 100 ce. Daɗinta yana farawa ne tun daren jiya, lokacin da kowa zai duba baburinsa. A gwada birki na gaba da na baya, a auna iskar taya, a ɗaure sarƙa a sa mata mai, a duba baƙin mai da fitila da madubi. Wani daga cikinsu ya riƙe famfo da kayan faci da sifana da filogi na ajiya, domin ba kowane ƙauye ne ke da bakanike ba. Kuma lalle ne a binciki dokar jihar da za a ratsa, gama wasu jihohi sun kafa dokokin taƙaita zirga-zirgar babur da dare ko a wasu yankuna saboda tsaro.

Da gari ya waye, sai a naɗa jagora da mai rufe baya. Jagora ya zama wanda ya san hanya kuma mai sanyin rai. Mai rufe baya ya zama gwani, shi ne mai kayan gyara, kuma ba ya wuce kowa. Wanda ya fi ƙarancin sabo da hanya a sa shi bayan jagora, a yi tafiya gwargwadon ƙarfinsa. Nan ne ayari da yawa ke ɓaci: gwanaye su murɗe totur su ɓace, sabon mahayi ya ji kunyar a bar shi, ya yi gudun da bai iya ba, har kwana ta zo masa ba shiri.

Lissafi ya isa shaida. Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a cikin sakan ɗaya. Mai gudun kilomita 80 kuwa yana cin mita 22. Kafin ido ya ga akuya ta faɗo titi har ƙafa ta taka birki, sakan guda ya wuce. Saboda haka tilas ne a bar ratar sakan biyu a ƙalla tsakanin babur da babur, a ƙara ta idan hazo ya sauka ko kwalta ta jiƙe. Kada a jera kafaɗa da kafaɗa ana hira. Idan za a wuce tirela, a wuce ɗaya bayan ɗaya ta hannun hagu, kowa ya duba gabansa da kansa, gama tun ran 2 ga Afrilu 1972 hannun dama ake bi a Nijeriya.

Sai batun hular kwano. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta ran 1 ga Janairu 2009, ga mai tuƙi da wanda aka goya. Binciken masana lafiya ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin 100, raunin kai kuwa da kimanin kashi 70. Amma sai an ɗaure igiyarta a haɓa. Hular da aka rataya a hannun babur ba ta kare kan kowa.

Bayan kowace awa guda a tsaya a inuwa, a kauce daga bakin titi, a sha ruwa, a ƙidaya juna. Hira da raha a nan ne muhallinsu. Mai shan ƙwaya ko abin maye don wai ya kori gajiya, kada a yarda ya shiga ayari, ko da aminin kowa ne.

A ƙarshe, a yanke lokacin komowa tun kafin a tashi, yadda za a iso gida da sauran hasken rana. Dare yana ɓoye rami da dabba da motar da ta mutu ba fitila. Idan tsautsayi ya auku, kada a fizge hular wanda ya faɗi, kada kuma a ja shi da ƙarfi, domin wuyansa na iya samun rauni. A tsare hanya, a kira lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra.

Iyaye da mata da 'ya'ya suna bakin ƙofa suna jira. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya, amin.