Gishiri Ba Ya Fita Sai An Tace: Jawabi Kan Ikhlasi Da Ƙanƙan Da Kai

Mu ba malamai ba ne, 'yan kasuwa ne, sai ɗan abin da muka tsinta a Islamiyya da zaman zawiya. In mun yi kuskure a gyara mana.

Jama'a, kowa ya san abin da ya kawo kakanninmu daga ƙasar Katsina har suka kafa zama a nan Awe: gishiri ne da fatauci. To mu dubi yadda iyayenmu mata ke fitar da gishirin nan. Sai an kwashe ƙasa, a zuba a tukunya mai huda, a kwarara ruwa ya tsane, sannan a ɗora a wuta har ruwan ya ƙone. Wanda ya tsallake tacewa, laka zai kai kasuwa. Haka ibada take. Zikiri ba tare da tace niyya ba, laka ne.

Yawancinmu 'yan ɗariƙa ne. Wasu na bin Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, ɗariƙar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa. Wasu na bin Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ta hannun Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha da ya rasu a 1975. Ɗan Tijjaniyya a lazimi kaɗai yana faɗin La'ilaha illallahu sau 100 da safe, sau 100 da yamma, ga kuma 100 a wazifa. To tambaya ita ce: bayan wannan duka, wa muke tsoro, wa muke son ya yabe mu? In amsar ita ce mutane, ashe harshe ne ya yi tauhidi, zuciya ba ta yi ba.

Malamai sun kira riya ƙaramin shirka. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar alƙiyama: wanda ya mutu a fagen yaƙi, da mai ilimi, da mai yawan kyauta. Duk aikinsu ya rushe saboda don a faɗa suka yi. Shi kuwa Iblis, ai bai musa cewa Allah ɗaya ne ba. Girman kai ne ya halaka shi, da ya ga ya fi Annabi Adamu.

Yanzu bari mu taɓa inda ke mana ciwo. Gudunmawar rufin makarantar Islamiyyarmu ta tsaya. Me ya tsayar da ita? Wani ya ji an kira sunan ɗan'uwansa a lasifika kafin nasa, sai ya janye hannu. Wani ya ce ba zai ba da ko kwabo ba tunda shugaban kwamiti ba ɗan zawiyarsu ba ne. Ga damina na ƙaratowa, yaranmu za su zauna ruwa na zuba a kan allunansu. Wallahi mu da kanmu mun taɓa jin haushin da ba a ambaci sunanmu ba, don haka ba wani muke nuna wa yatsa ba.

Shawararmu uku ce. Na farko, a daina kiran suna da adadin kuɗi. A ajiye akwati, mutum biyu amintattu su ƙirga, a sanar da jimla kawai. Na biyu, Baƙadire da Batijjane da wanda ba ya ɗariƙa su zauna a kwamiti ɗaya, don alƙiblarmu ɗaya ce. Na uku, mu 'yan kasuwa mu duba mudunmu. Mai riƙe carbi da dama yana tauye awo da hagu, bai yarda Allah ne mai arzutawa ba.

Gishiri in ya shiga miya ɓacewa yake yi, amma kowa ya ɗanɗana ya san yana ciki. Allah Ya sa aikinmu ya zama haka, Ya tsare mu da riya da girman kai, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da garin Awe lafiya. Amin.