Bangon Iyaye Mata a Landan

A 2024 gidan baje kolin fasaha na Tate Modern da ke Landan ya ware bango guda don wani aikin Yoko Ono, 'yar asalin Japan. An ajiye takarda da abin rubutu. Duk wanda ya shigo sai ya rubuta abin da yake tunawa game da mahaifiyarsa, ya manna. Wani godiya, wani kewar wadda ta riga mu gidan gaskiya. Takardu suka hau kan takardu, baƙo ya tsaya yana karanta abin da ke zuciyar baƙo. A ganina aikin ya yi, domin ya buɗe bakin da kunya ta rufe. Wanda mahaifiyarsa ke raye, ya je ya faɗa mata da bakinsa.