Tarin fuka a wuraren haƙar zinariya: jawabin ranar bikin ƙungiya



Tun da aka ga zinariya a Jado a 2014, motocinmu ke kai shinkafa da mai daga Maraɗi da Damagaram, ta Agadas, har bakin rami. Mun ci riba, ba mu musu. Amma yaran da ke sauka ramin ƙannenmu ne, kuma wasu da tari suke dawowa. Ƙurar dutsen da suke dakawa tana cin huhu, ga kwanan cunkoso a rumfa ɗaya. Nan tarin fuka ke samun wuri.

Maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati, a Nijar da Najeriya, amma wata 6 ake sha. Yaro sai ya sha wata 2, ya ji sauƙi, ya hau motarmu ya ƙetare iyaka, ya watsar. Ciwon ya dawo, wani lokaci ma ba ya jin maganin farko.

Muna roƙon direbobinmu: wanda ya wuce mako 2 yana tari, a kai shi a gwada kakinsa. Mai shan magani kuwa, kada ya hau sai da katin asibitinsa a aljihu, don ya ci gaba inda ya sauka.