Barkwanci da Kuɗin Asibiti



A watan Mayu na 2017 wani ɗan barkwancin talabijin a Amurka, Jimmy Kimmel, ya ajiye raha a shirinsa na dare, ya ba da labarin jaririnsa da aka yi wa tiyatar zuciya. Cikin hawaye ya ce bai kamata talauci ya hana ceton ran yaro ba. Lokacin ana neman soke dokar inshorar lafiya ta Obama ta 2010. Maganar ta kai har majalisar dattawa, inda yunƙurin ya faɗi a watan Yuli, ƙuri'a 51 da 49.

Jama'a, mu ma ai gwanayen shaguɓe ne. Marigayi Samanja bai ƙyale soja ba, 'yan tashe kuwa ba sa ƙyale kowa. Amma batun asibiti, shiru. Tun 2016 Kano ke da dokar taimakekeniyar lafiya, sai ga manomin Kibiya yana sayar da akuya kafin ya kai matarsa asibitin Rano. Ina roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin ɗalibanmu su yi wasan kwaikwayo a kan wannan, ranar kasuwa.